Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Mai tsara dokar mulki da bai raba ta da noma ba

Duk ma'aikacin da ke bin titin Ahmadu Bello da safe daga Wuse II zuwa tsakiyar birnin Abuja ya san sunan Sardaunan Sakkwato ne a jikin allon titin. Abin da ba kowa ke tunawa ba shi ne, Bello da ke cikin sunan gado ne daga kakan mahaifinsa. Sardauna ɗan Ibrahim ne, Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, shi kuma ɗan Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Wannan Muhammadu Bello shi ne ya riƙe Daular Sakkwato shekara 20, daga 1817 zuwa 1837. An fi tunawa da shi a matsayin jarumin da ya ci birnin Alƙalawa, da kuma malamin da ya rubuta tarihin jihadi. Akwai kuma wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi kusa da aikin masu hidimar gwamnati a yau. A zamanin da babu majalisar dokoki irin wadda aka sani yanzu, shi ne ya zauna ya rubuta wa sarakunan da ke ƙarƙashinsa ƙa'idojin tafiyar da jama'a, kuma a cikinsu ya sanya noma da tanadin abinci a sahun wajiban mai mulki. Shi kansa, kamar yadda waɗanda suka zauna da shi suka ruwaito, daga guminsa yake ci.

Tasowa a Degel

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, mahaifiyarsa Hauwa'u, kuma ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, inda mahaifinsa ya kafa zangon karatu. Degel ƙauye ne na malamai da almajirai, ba gari mai ganuwa ba, kuma jama'arsa na haɗa karatu da kiwo da noma da ƙananan sana'o'i domin su ci da kansu. Shehu ya yi fice wajen nisantar kyautar sarakuna, wannan kuwa ya sa dole mutanensa su dogara da abin da hannunsu ya samar.

Bello ya yi karatu a gaban mahaifinsa da kuma ƙanin mahaifinsa, Malam Abdullahi, wanda ya fi kowa tasiri a kansa wajen Larabci da fiƙihu. Kafin ya cika shekara 25 ya riga ya zama ɗaya daga cikin waɗanda Shehu ke aika da wasiƙu da saƙonni zuwa ga magoya baya na nesa.

A wannan lokaci dangantaka tsakanin jama'ar Shehu da fadar Gobir ta riga ta yi tsami. Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokokin taƙaita wa'azi da hana naɗa rawani da lulluɓi. Da ɗansa Yunfa ya gaje shi, al'amari ya ƙara ƙamari, har aka kai hari Gimbana, garin Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu. A watan Fabrairun 1804 jama'a ta tashi daga Degel ta yi hijira zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina.

Shekarun yaƙi da yunwa

Nasarar Tabkin Kwatto a watan Yunin 1804 ita ce aka fi yawan ambato, amma shekaru biyun da suka biyo baya na wahala ne. Mutanen da suka bar gonakinsu da rumbunansu ba su da wata damina da za su jira, domin kullum suna kan tafiya da mata da yara da dabbobi. A ƙarshen 1804 aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka rasa mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Neman abinci ne ya kai su Sabon Gari a ƙasar Zamfara, kuma ƙwacen hatsi da wasu mayaƙa suka riƙa yi ya ɓata tsakaninsu da Zamfarawan da suka tarbe su da farko. A 1805 suka ci Birnin Kabi suka koma Gwandu, amma a ƙarshen shekarar aka sake karya su a Alwasa, ga yunwa ga cuta.

Bello ya ga wannan duka da idonsa, ya kuma rubuta shi daga baya. Ya ga yadda rundunar da ba ta da rumbu ke zama nauyi a kan talakan da ta ce ta zo ceto, ya kuma ga yadda son ganima ya fara cin zukatan mayaƙa, abin da ya ɓata wa Malam Abdullahi rai har ya bar sansani ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsayar da shi. Wanda ya karanta abin da Bello ya rubuta kan mulki bayan haka zai ga tabon waɗannan shekaru a ciki.

A cikin wannan tsakani ne Shehu ya wakilta shi zuwa Birnin Gada, inda ya gana da jagororin jihadi na ƙasashen gabas, ya isar musu da saƙon mahaifinsa, ya karɓi mubaya'arsu. Daga nan ya fara zama mahaɗa tsakanin cibiya da sarakunan Katsina da Kano da sauransu. A watan Oktoban 1808 rundunar da yake cikin jagorancinta ta ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa, ƙarfin Gobir ya karye.

Gina Sakkwato da hawa mulki

A 1809 Bello ya fara gina Sakkwato a kan tudun da ke kallon mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Tudun na ba da kariya, kwarin da ke ƙarƙashinsa kuma fadama ce mai faɗi da ke riƙe laima bayan damina ta wuce. Shehu ya zauna a Sifawa, kuma a 1812 ya raba kula da ƙasa, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Bello. A wannan shekara ce Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yau shi ne babban madogara kan tarihin jihadi, wanda a ciki ya adana musayar wasiƙun da aka yi da Shehu Muhammadu Al-Aminu Al-Kanemi na Borno, har da hujjojin da Al-Kanemi ya kawo na sukar yaƙin.

Shehu ya koma Sakkwato a 1815, Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilun 1817. Manyan jama'a suka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi ya taso domin ta'aziyya ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya ya koma Gwandu, aka ɗauki 'yan shekaru babu jituwa tsakaninsu. Sai da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Malam Abdullahi, Bello ya kai masa ɗauki, sannan suka sulhunta, kawun ya amince da shugabancin ɗan wansa.

Jarrabawa mafi ɗaci ta zo ne daga cikin gida. Abdussalami, wanda harin da aka kai wa mutanensa ya kasance cikin musabbabin hijira, ya yi tawaye daga Kware. Ƙorafinsa shi ne an tauye shi a rabon ƙasa, kuma zalunci ya fara shiga sabuwar gwamnati. Bello ya yi musayar wasiƙu da shi kafin a kai ga yaƙi, aka ci Kware, Abdussalami ya rasu a Bakura a farkon 1818 sakamakon raunin da ya samu. Bello ya tattara labarin rikicin a wani littafi mai suna Sardul Kalami, kuma bai cire zarge-zargen da abokin hamayyarsa ya yi masa ba.

Ƙa'idojin da ya rubuta

Daular da Bello ya gada ta taso daga ƙasar Kabi ta kai Adamawa, tafiyar watanni a kan doki. Ba za a iya riƙe irin wannan ƙasa da takobi kaɗai ba, don haka ya riƙe ta da alƙalami. Shari'a ita ce tushen doka, amma yadda za a aiwatar da ita a kan haraji da ganima da naɗin alƙalai da rabon fili sai an yi bayani, kuma sarakuna na aiko da tambayoyi yana mayar musu da amsa a rubuce. Waɗannan amsoshi su ne suka zama abin da a yau za a kira dokoki da takardun umarni na gwamnati. Ya rubuta wa Yakubun Bauchi, ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina, ya rubuta wa wasu da dama.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Umaru Dallaji. Ya taƙaita siyasa a cikin ginshiƙai bakwai, dukkansu suna komawa ga adalci. Ya buƙaci shugaba ya zama mai tsoron Allah, kada ya zama mai kwaɗayin muƙami, domin a ganinsa wanda ya nace wa neman mulki bai cancanci a ba shi ba. Ya buƙaci ya zama mai sauƙin hali da yafiya, ya riƙa zama da malamai yana neman shawararsu, ya zaɓi ma'aikatansa daga mutanen kirki, ya gindaya musu sharaɗin adalci, ya kuma riƙa bin sawunsu, domin laifin ma'aikaci a wuyan wanda ya naɗa shi yake.

Sai ginshiƙin da ya shafi arzikin jama'a, wanda a cikinsa Bello ya sauko daga nasiha zuwa lissafin aiki. Ya ɗora wa sarki kula da masu sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su, ya lissafa manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya ce a raba su cikin garuruwa da ƙauyuka yadda kowane wuri zai samu nasa. Ya ce a kwaɗaitar da talakawa su nemi abinci su kuma adana shi saboda gaba, a raya ƙauyuka, a gina ganuwa da gadoji, a kula da kasuwanni da hanyoyi. Ya sanya waɗannan duka a cikin littafin da ke magana kan taƙawar shugaba, wato a wurinsa sarkin da ya bar rumbunan ƙasarsa wayam ya gaza a wani wajibi na addini.

A wani littafin, Tanbihus Sahibi, ya yi bayanin hukunce-hukuncen neman halali, ya yabi mai sana'a, ya zargi zaman banza da dogaro da roƙo ga wanda ke da ƙarfin yin aiki. Malam Abdullahi kuma ya rubuta Ta'alimur Radi kan mallakar ƙasa, inda ya yi bayanin haƙƙin wanda ya sare daji ya raya shi. Waɗannan rubuce-rubuce biyu sun ba sabbin ƙauyukan da ake kafawa madogara ta shari'a.

Bello bai yi aikin shi kaɗai ba. Babban na-hannun-damansa shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, amininsa tun ƙuruciya kuma mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Ofishin Waziri ne ke riƙe da wasiƙu, shi ne kuma ƙofar Kano da Zazzau da wasu masarautun gabas, yana zagayawa yana sasanta rigingimun sarauta yana dawowa da rahoto. Akwai Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, da Galadima, da Magajin Gari, da Magajin Rafi, waɗanda su ne majalisar da ake shawara da ita.

Ci daga gumi

Alhaji Sa'idu, wani malami da ya zauna a Sakkwato cikin tawagar Alhaji Umaru Futi a ƙarshen zamanin Bello, ya bar taƙaitaccen tarihin sarakunan farko na daular. Ya bayyana Bello a matsayin mutumin da ke ciyar da kansa daga abin da ya nema da hannunsa, ba ya taɓa baitulmali domin buƙatar gidansa, kuma ya ce wannan hali nasa ne tun mahaifinsa na raye. Ya kuma ruwaito cewa yana bin diddigin hukuncin alƙalai, yana warware duk wanda ya ga son rai ya shiga cikinsa.

Ruwayoyin da aka gada a ƙasar Sakkwato na danganta masa ƙarfafa noman rani a fadamun Rima, da ban ruwa da jigo, da yaɗa noman rake. Sha'awarsa ga tsirrai ta bayyana a rubuce-rubucensa na magani, domin ya yi littafi kan ciwon basir, ya yi kan ciwon ido, ya yi kan amfanin filasko. Littattafansa da wasiƙunsa da aka gano sun haura 100.

Ma'aikacin tarayya na yau zai ga wani abu da ya sani a nan. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ke ƙunshe da ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta ƙashin kansa, amma ya keɓe noma. Hikimar ba ta da nisa da ta Bello. Mai riƙe da dukiyar jama'a na buƙatar wata hanyar halali da zai jingina da ita, wadda ba za ta sa ya zama abokin cinikin ofishinsa ba, kuma na-duƙe tsohon ciniki shi ne ya fi dacewa da wannan.

Ribaɗi da zaunar da makiyaya

Babbar matsalar da ta dami Bello tsawon mulkinsa ita ce tsaro. Gobirawa ba su miƙa wuya ba, Katsinawan da aka kora sun kafa Maraɗi, Kabawa na kai hari daga yamma, Zamfara kuma ba ta zauna lafiya ba. A kudu ma, Sarkin Zazzau Makau da aka kora daga Zariya ya ci gaba da gwagwarmaya har aka kashe shi a 1825, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da bai taɓa shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, wanda yanzu ake kira Suleja bayan babban birnin tarayya ya ɗauki tsohon sunansa.

Mayaƙan jihadi mafi yawansu makiyaya ne da manoma da ke watsewa da zarar damina ta faɗi. Maganin da Bello ya kawo shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa ke noma da damina su kuma tsare hanya da rani. Ya kafa irin waɗannan garuruwa a kwarin Rima da kewayensa, irin su Wurno da Gandi da Lajinge da Shinaka, ya ɗora 'ya'yansa da danginsa a kansu domin kada a ce ya tura 'ya'yan wasu bakin daga ya ɓoye nasa. Sarakunan gabas sun bi sawu. Ibrahim Dabo, wanda Bello ya naɗa Sarkin Kano a 1819, ya yi nasa ribaɗin a Fanisau.

Ribaɗi ba ya tsayuwa sai da mutane, don haka Bello ya himmatu wajen zaunar da Fulani makiyaya. Ya ba su filaye, ya kwaɗaitar da su gina gidaje da masallatai da makarantu, ya tura musu malamai da alƙalai. Ya kuma shawarce su su rage yawan shanu, waɗanda ke tilasta musu yawo, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. A wasiƙar da ya aika wa Muhammadu Al-Jailani, jagoran wasu Abzinawa a arewa, ya shimfiɗa hujjarsa a fili, cewa karatu da sallar jam'i da shari'a sun fi samuwa ga mazauna gari fiye da masu bin daji.

Ba kowa ya karɓi wannan tsari da daɗin rai ba, kuma makiyaya da yawa sun ci gaba da ƙaurarsu kamar yadda suka gada. Amma waɗanda suka zauna sun mayar da kwarin Rima ɗaya daga cikin wurare mafi cikar jama'a da noma a yankin. Abin lura a tsarin shi ne jerin da aka bi: fili da ruwa da tsaro da makaranta da alƙali sun zo tare da kiran a zauna. Shirin Ruga da gwamnatin tarayya ta dakatar a 2019, da Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da aka ƙirƙiro a 2024, duk suna fuskantar tambayar da ya fuskanta kusan shekara 200 da suka wuce.

Waɗanda suka riƙe fartanya

Tarihin noman wannan zamani ba ya cika sai an faɗi su wa suka yi aikin. Kaso mai yawa na gandayen sarakuna da manyan fada bayi ne ke noma su, mafi yawansu kamammun yaƙi da aka zaunar a rinji ko tunga kusa da garuruwa. Su ne ke yin sassabe, su yi shuka da sungumi, su yi noman firi da maimai, su ɗaure dami su kai rumbu. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zauna a Sakkwato, ya rubuta cewa bayin ƙauye na yi wa ubangijinsu aiki daga safiya zuwa tsakar rana, sauran yinin kuma nasu ne. A wannan ragowar lokaci suke noma gayaunarsu, wasu kuma su yi murgu, su tara abin da za su fanshi kansu.

Shehu da Bello sun yi rubutu mai zafi kan haramcin bautar da Musulmi 'yantacce, kuma wannan na cikin laifuffukan da suka ɗora wa sarakunan Haɓe. Amma ba su hana bautar da wanda suka ɗauka halattaccen kamu ba, yaƙe-yaƙen bakin iyaka kuma sun ci gaba da kawo kamammu shekara bayan shekara. Arzikin hatsi da auduga da baba da daular ta yi suna da shi ya ginu ne a kan wannan. Haka nan wasu harajin da Shehu ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi, irin su jangali, sun sake dawowa a masarautu daga baya. Adalcin da Bello ya rubuta yana da iyakar da zamaninsa ya shata masa, kuma mutane da dama sun rayu sun mutu a wajen wannan iyaka.

Baƙo daga Ingila

Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo. Ya tarar da sarkin da ke tambayarsa bambancin ɗariƙun Kiristanci na da, da sunayen taurari, da abin da Ingilishi ke yi a Indiya. Bello ya nuna yana son ciniki da Ingila, ya nemi a aiko masa da likita da wakilin gwamnati, ya rubuta wa Sarki George na Huɗu wasiƙa, ya kuma amince a bisa wannan sharaɗi zai hana kai bayi ga masu sayensu a bakin teku.

Da Clapperton ya dawo a 1826 ya tarar al'amura sun sauya. Yaƙi ya ɓarke da Borno, Al-Kanemi ya nufo ƙasar Kano da runduna, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi a farkon 1827. Baturen na ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka har da makamai zuwa ga Al-Kanemi, Bello kuwa ya hana shi wucewa ya karɓe kayan. Cikin tsarabar da aka kawo masa akwai littafin lissafi na Euclid da Larabci, wanda ya yi murna da shi ƙwarai domin kwafin gidansu ya ƙone a gobara. Clapperton ya kwanta ciwo ya mutu a ranar 13 ga Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wajen gari. Yarjejeniyar cinikin ba ta taɓa aiki ba.

Gawakuke da Wurno

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, yana mai aiki da abin da ya umarci wasu, wato zama a bakin iyaka. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa suka haɗa kai, ya fita da kansa ya gamu da su a Gawakuke. Aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda, gamayyar ta watse. Wannan ne babban yaƙinsa na ƙarshe.

Allah Ya yi masa rasuwa a Wurno a watan Oktoban 1837, yana da shekara 56 ba kaɗan, aka binne shi a can. Bai ɗora ɗansa a kan mulki ba. Masu zaɓe suka naɗa ƙaninsa Abubakar Atiku, sai a 1842 ɗansa Aliyu Babba ya hau, ya kuma mayar da Wurno mazauninsa. Nana Asma'u ta yi wa yayanta marsiyya, Waziri Giɗaɗo kuma ya rubuta littafi kan halayensa. Tsarin masarautu da ofishin Waziri da hanyar wasiƙu da ya shimfiɗa sun ɗore har zuwa 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci Sakkwato, kuma Turawan sun ga ya fi musu sauƙi su yi mulki ta cikinsa a kan su rushe shi.

Hubbarensa na nan a Wurno, mutane na zuwa ziyara daga ciki da wajen Najeriya. Garin yanzu hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, an kuma tare gulbin Rima da madatsar ruwa a Goronyo, gaba da shi. A fadamar da ya zaɓa domin ta ciyar da masu tsaron iyaka, jikokin waɗanda ya zaunar da jikokin waɗanda aka kawo a ɗaure suna noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, ana loda su a manyan motoci zuwa kasuwannin kudu.